KO MAI KALLO YANA DA LAIFI?

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana cikin masu tambaya ba ka yanke shawara ba tukuna, ina so mu yi tunani tare a kan wata magana. Sa'ad da a ke koya wa masu neman baftisma dokar Allah wadda ta hana kisankai, hankalin yawancinsu ya kan kwanta, kowa ya ce a ransa, ni dai ban taɓa kashe kowa ba. To, madalla. Amma ga tambaya. Idan ana zub da jinin wani, ko ana wulakanta shi, kai kuwa kana tsaye gefe, ba ka ɗaga sanda ba, ba ka jefa dutse ba, ido kaɗai ka bayar, kana da rabo cikin laifin ko ba ka da shi?

Kiristoci na farko sun sha fama da wannan tambaya, gama a garuruwansu akwai wurin da aka gina musamman domin kallon jini. Bari in ba ka labarin wurin, kana mu koma kan kanmu.

FILIN WASAN ROMAWA

A birnin Roma, cikin ƙasar Italiya, har yau kangon wani babban gini yana tsaye, ana ce da shi Kolosiyum. Kaisar Titus ne ya buɗe shi a shekara ta 80 bayan haihuwar Almasihu. Titus ɗin nan shi ne wanda ya rushe Urushalima da haikalinta a shekara ta 70. Ginin kewayayye ne, da wuraren zama hawa bisa hawa, yana ɗaukar mutum wajen 50,000. Manya suna zama ƙasa kusa da fili, talakawa da mata can bisa. A tsakiya akwai daɓen katako wanda a kan rufe da rairayi, domin rairayin ya shanye jini. Daga baya aka gina ɗakuna da hanyoyi ƙarƙashin daɓen, inda a kan ajiye namomin jeji cikin keji. In lokaci ya yi, bayi su ja igiya su ɗaga kejin, ƙofa ta buɗe a daɓe, sai ka ga zaki ya ɓullo tsakar fili kamar daga ƙasa ya tsiro.

Ranar wasa tana da tsari. Da safe a yi faɗan mutane da namomin jeji. Da tsakar rana a kashe waɗanda shari'a ta yanke wa hukuncin mutuwa. Da yamma mayaƙa su kara da juna, mutum da mutum.

Tun shekara ta 186 kafin haihuwar Almasihu aka nuna farautar zakoki da damisoshi a Roma, abin ya yi ta ƙaruwa. Kaisar Augustas, wanda aka haifi Ubangijinmu a zamaninsa, ya sa an rubuta cikin ayyukan da ya ke fahariya da su cewa ya shirya irin wannan wasa sau 26, aka kashe namomi wajen 3,500. Da Titus ya buɗe Kolosiyum aka yi kwana 100 ana biki, aka kashe dabbobi 9,000. Kaisar Tarajan ya yi bikin cin nasarar yaƙi na kwana 123, aka kashe 11,000. Yawancin namomin nan daga nahiyarmu ta Afirka aka kwashe su: zaki, damisa, giwa, jimina, kada, dorina, karkanda, raƙumin dawa. Maharba su kama su da tarko da rami, a sa su cikin jirgin ruwa a ƙetare teku da su, domin su mutu cikin safiya ɗaya.

SU WANE NE MASU FAƊA DA NAMOMIN?

Iri biyu ne. Na fari su ne waɗanda aka koya wa sana'ar. Yawancinsu bayi ne, ko kamammun yaƙi, ko masu laifi da aka tura makarantar faɗa. Akwai kuma waɗansu 'ya'ya waɗanda talauci ko son suna ya sa suka ba da kansu domin kuɗi. Kusa da Kolosiyum akwai gidan horonsu, ana ce da shi Makarantar Safe, tun da ya ke da safe su ke yin nasu aiki. Mutum ya kan shiga fili da 'yar taguwa, ƙafafunsa a naɗe, da mashi a hannu, wani lokaci da karnuka. Idan naman ya ƙi faɗa, ma'aikatan fili su zuga shi da bulala da wuta. Waɗansu cikinsu sun yi suna ƙwarai. Wani mawaƙin Roma ya yabi ɗaya, mai suna Karfoforus, ya ce ya kashe namomi 20 a wasa guda.

Na biyu su ne waɗanda aka jefa wa namomin domin su mutu. Su ba a ba su makamin da za su kāre kansu. A kan ɗaure mutum jikin gungume, ko a tura shi gaba tsirara, a saki damisa ko beyar a kansa.

Kada mu yi ƙarya a kan masu mashin nan. Jarumai ne. Wanda ya taɓa jin rurin zaki da dare ya san ba kowa ne zai tsaya gabansa da mashi ɗaya ba. Amma ka duba inda jaruntar ta tafi. Dawuda ma ya kashe zaki da beyar, sai dai shi ya yi ne domin ya ƙwato ɗan rago daga bakinsu, a daji, ba mai ganinsa sai Allah. Maharbin da ya kashe kurar da ta addabi ƙauye ya yi wa mutane aiki. Amma mai mashin Roma ba wanda ya ceta. Zakin da ya kashe bai ci tunkiyar kowa ba. An sa ran ɗan Adam, wanda aka halitta cikin kamanin Allah, a bakin mutuwa, an kuma hallaka halittar Allah a banza, domin kawai waɗansu su sami abin hira da yamma.

WA YA ZUB DA JININ?

To, laifin wa? Za ka ce na Kaisar da manyan gari, gama su ne suka biya kuɗin. Gaskiya ne. Amma don me suka biya? Domin su sami farin jini wurin jama'a. Mai neman muƙami ya san idan ya kawo zakoki da yawa, mutane za su so shi. Da a ce ranar wasa ta zo, Kaisar ya duba ya ga wuraren zaman nan 50,000 ba kowa, da ba ya ƙara aikawa Afirka a kamo ko da dila. Makaɗi ba ya daɗewa yana kiɗa inda ba mai rawa. Ashe 'yan kallo su ne gindin abin. Kowane ɗayansu ya iya cewa, hannuna bai taɓa jini ba. Amma domin idonsa aka zub da jinin.

Kada kuma ka ce ba su sani ba. A shekara ta 55 kafin haihuwar Almasihu wani babban sarkin yaƙi, Fomfiyus, ya kawo giwaye wajen 20 aka yi ta sukarsu da māsu. Giwayen suka nemi fasa shingen ƙarfe su gudu, suka kasa, sai suka shiga kuka mai ban tausayi. Jama'a suka tashi tsaye da hawaye, suka la'anci Fomfiyus. Wani masani mai suna Sisero yana wurin, ya kuwa rubuta wa abokinsa cewa bai ga daɗin da mai hankali zai ji ba cikin ganin nama ya yayyage mutum, ko mashi ya huda kyakkyawar dabba. Wani masanin kuma, Seneka, ɗan'uwan Galiyo wanda aka kai Bulus gabansa a Koranti, ya faɗi cewa ya shiga filin da tsakar rana, ya tarar kisa ne zalla, ya kuma ce zama cikin irin taron nan ya kan mai da shi gida da zuciya mafi tauri. Waɗannan ba su san Bishara ba, duk da haka lamirinsu ya gaya musu gaskiya. Amma jama'ar da suka yi wa giwaye kuka sun koma wasa na gaba, 'ya'yansu da jikokinsu kuma suka yi ta komawa har fiye da shekara 500. Tausayin da ba ya tashe ka daga wurin zamanka bai amfani kowa ba.

ABIN DA IKILISIYA TA YI

'Yan'uwanmu na farko sun san filin nan ta wajen ƙasa, inda rairayi ya ke. A shekara ta 177, a birnin Liyon na ƙasar Faransa, aka sa wata baiwa mai bi, Balandina, cikin raga, aka jefa ta gaban bijimi. A shekara ta 203, a birnin Kartaj, cikin ƙasar da a ke kira Tunisiya yanzu, aka kama waɗansu masu koyon bangaskiya, irinka sosai, waɗanda ba a yi musu baftisma ba tukuna sa'ad da aka kama su. Cikinsu akwai Ferfetuwa, 'yar babban gida mai shekara wajen 22, da jariri a nono, da Filisita, baiwa, wadda ta haihu a kurkuku kwana kaɗan kafin ranar. Aka saki wata muguwar saniya a kansu, daga bisani aka ƙarasa su da takobi. Waɗanda suka cika wuraren zama a ranan nan maƙwabtansu ne, mutanen da su ke haɗuwa da su a kasuwa.

Saboda haka ikilisiya ta tsaya da ƙarfi. Cikin wani tsohon littafi na tsarin ikilisiya an jera sana'o'in da za a bincika kafin a karɓi mutum cikin ajin baftisma. Mai faɗa a fili, da mai koya masa, da mai farautar namomi a fili, da ma'aikacin da ke shirya wasan, duk an ce su bari, in ba haka ba kada a karɓe su. Ba a tsaya kan masu mashi kaɗai ba. Tartuliyan, wani malamin ikilisiya na Kartaj, ya rubuta littafi guda domin ya hana masu bi zuwa kallo, ya kuma ce babbar alamar da waɗanda ba masu bi ba su ke gane mutum ya zama Kirista ita ce sun daina ganinsa a wurin wasa.

Akwai wanda ya ce shi zuciyarsa tana da ƙarfi, zai iya zuwa ba abin da zai same shi. Sunansa Alifiyus, abokin Agustin, mutanen gari ɗaya ne a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu. Ya tafi Roma koyon shari'a, yana ƙyamar wasan jini. Wata rana abokansa suka ja shi zuwa kallon faɗan mutum da mutum. Ya ce musu jikinsa kaɗai za su kai, idonsa da zuciyarsa ba za su shiga ba. Ya zauna ya rufe ido. Amma bai toshe kunne ba. Da wani ya faɗi, taro ya ɗauki sowa, sai ya buɗe ido domin ya ga mene ne. Da ya ga jinin bai iya kau da kai ba. Ya yi ihu tare da masu ihu, ya fita yana marmarin komowa, har ya zama shi ne mai jan waɗansu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Allah ya ji ƙansa daga baya, aka yi masa baftisma tare da Agustin a shekara ta 387, har ya zama bishop. Amma ka lura, raunin da ya samu ta ƙofar ido ya shiga.

Wani bishop mai rubuta tarihi ya ba da labarin wani mai ibada, Telemakus, wanda ya zo Roma daga gabas wajen shekara ta 404, ya sauka cikin fili ya shiga tsakanin mayaƙa domin ya raba su. Ba mayaƙan ne suka kashe shi ba. 'Yan kallo ne suka jejjefe shi da duwatsu, domin ya katse musu jin daɗi. A ranan nan abin da ke ɓoye cikin zuciyar mai kallo ya fito fili. Kaisar Honoriyus ya hana faɗan mutum da mutum saboda wannan.

Amma ga abin kunya, ba kuwa zan ɓoye maka ba. Faɗa da namomin jeji bai tsaya ba. Na ƙarshe da aka rubuta labarinsa a Kolosiyum an yi shi a shekara ta 523, bayan mulkin Roma ya karɓi addinin Kirista tun shekara ta 380. Watau masu zama a wuraren nan a ƙarshe yawancinsu masu baftisma ne. Ruwan baftisma ya taɓa kansu, bai kai ga idonsu ba.

SHAIDAR LITTAFI MAI TSARKI

Ka karanta Ayyukan Manzanni sura 7 da 8. Sa'ad da aka jejjefi Istifanus, ba a ce saurayin nan Shawulu ya jefa dutse ba. Tufafin masu jifa ya tsare, ya kuma yarda da abin. Amma bayan ya tuba ya zama Bulus, bai ce ni ɗan kallo ne kawai ba. A sura 22 ya lissafa tsayuwar nan tasa cikin zunubansa a gaban Ubangiji. A ƙarshen sura ta fari ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa kuma, mutanen birnin filin nan, ya haɗa masu aikata mugunta da masu yaba musu cikin hukunci ɗaya. Bilatus ya wanke hannu gaban taro, ruwan bai wanke shi ba. Littafin Misalai sura 12 ya nuna mai adalci ya kan kula har da ran dabbarsa. Ubangijinmu kansa, a kan gicciye, abin kallo ya zama. Jama'a suna tsaye suna dubansa, masu wucewa suna kaɗa kai.

WAƊANSU ZA SU CE

Wani zai ce, ko na tafi ko ban tafi ba, za a yi. Haka kowane ɗaya cikin 50,000 ɗin nan ya faɗa, da haka kuwa wuri ya cika. Allah ba zai tambaye ka taro ba, kai zai tambaya.

Wani zai ce, ai mutumin da kansa ya yarda, ana kuma biyansa. Yawancinsu ba su da zaɓi. Wanda ya yarda ma, yunwa ce ta yarda dominsa. Ran mutum kuwa ba nasa ba ne da zai sayar, balle kai ka saya.

Wani kuma zai ce, ashe Kirista ba ya wasa ke nan? Ba haka ba ne. Allah bai hana mu murna ba. Kokawa, da langa, da tsere, da sukuwa, da ƙwallo, mutum ya iya kallonsu da zuciya mai tsabta. Bulus ma ya yi misali da masu tsere. Ga ma'aunin da zan ba ka, ka auna kowane wasa da shi, ko dambe ne, ko hawan ƙaho, ko wasan kura, ko wani abin da ya zo garinku. Ka tambayi zuciyarka, me na ke jira in gani? Idan gwaninta ka ke jira, ka kuwa fi so kowa ya koma gida lafiya, to. Idan kuwa ka iske ranka yana ɗokin ƙaho ya shiga cikin mutum, ko ka ji kamar an cuce ka domin ba wanda ya ji rauni, to, ka tashi, gama ka riga ka zauna inda Alifiyus ya zauna.

FILIN DA KE KUSA DA MU

Mu ba mu da Kolosiyum, amma zuciyar da ta gina shi tana nan. Zan faɗi abin da ya same ni, ko da ya ke da kunya. Wata ranar kasuwa, bayan na riga na fara koyar da masu neman baftisma, aka yi ihun ɓarawo. Yaro ne, kaza ya ɗauka. Kafin ka ce me, an kewaye shi, ana dukansa da sanda da takalmi. Ni ban doke shi ba. Amma na matsa, na yi ɗage bisa yatsun ƙafata domin in gani da kyau. Masu dukan ba su fi biyar ba; mu masu kallo mun fi hamsin, mu ne kuwa katangar da ta hana yaron gudu. Sai wata tsohuwa mai sayar da koko, wadda ba ta cikin jama'armu ta masu bi, ta kutsa ta rufe shi da mayafinta, ta ce, “Ku kai shi wurin hukuma, ko ku fara da ni.” Sandunan suka sauka. Na koma gida na kasa cin tuwo. Na san labarin Telemakus, na sha koyar da shi, amma ita ce ta aikata.

A zamanin nan kuma filin ya shigo cikin aljihu. Ana dukan wani ko ana ƙone shi, ko mota ta faɗi da mutane, sai ka ga hannuwa sama da waya ana ɗaukar hoto, a aika wa wannan, wannan ya aika wa wancan. Mai ɗauka ya ɗauka ne domin ya san akwai mai kallo. Hakanan wanda ya zauna a dandali yana jin daɗi ana yayyaga mutuncin maƙwabcinsa da baki, shi ma ɗan kallo ne, ko da ba a ga jini ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwana, ga abin da na ke roƙonka. Kada ka kai ƙafarka inda a ke sayar da wahalar mutum ko ta dabba domin nishaɗi. Idan abin ya same ka ba shiri, ka yi abin da za ka iya: ka yi magana, ka kira dattawa ko hukuma, ka taimaki wanda ya faɗi. In ba ka iya ko ɗaya ba, kada ka ƙara wa taron yawa. Hoton wulakancin wani in ya zo hannunka, ya tsaya nan, kada ya wuce ta wurinka. Ka hana 'ya'yanka wasa da ran tsuntsu ko jifan kare da jaki, gama daga nan taurin zuciya ya kan fara. Abokanka za su yi maka ba'a, su ce ka zama matsoraci. Ka haƙura. Tashi daga cikin taro kai kaɗai yana bukatar ƙarfin hali wanda yawancin masu sowa ba su da shi.

Idan kuwa ka tuna wata rana da ka tsaya kallo kamar yadda na tsaya, kada ka fid da zuciya. Wanda ya gafarta wa Shawulu mai tsaron tufafi, ya ɗauki Alifiyus ya mai da shi makiyayin jama'arsa, yana da iko ya gafarta mana. Ka faɗa masa laifin da sunansa, kada ka rage. Kana ka roƙe shi ya tsarkake idonka kamar yadda ya tsarkake hannunka, domin ran da ka ga ɗan'uwanka a ƙasa ka zama mai ɗaga shi. Allah ya ba mu ikon yin haka, saboda Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.